Jirgin Albarka da Injin Tafin Hannu

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani ƙaramin inji, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, wato injin tururi da ake sa wa jirgin ruwa na wasa.

Aikinsa ba wuya. Akwai 'yar tukunyar tagulla da ake zuba wa ruwa, a kunna fitilar sipirit a ƙarƙashinta. Idan ruwan ya tafasa, tururi ya bi siririn bututu ya tura fistan, fistan ya juya farfela, sai ka ga jirgi na tafiya a kududdufi. A Ingila kamfanoni irin su Bassett-Lowke na garin Northampton da Stuart Turner sun yi suna wajen ƙera su tun farkon ƙarni na 20, Mamod kuma ya biyo baya a 1937. Wasu a haɗe ake sayar da su, wasu kuwa ɗanyen zubi ne, sai mai saye ya goge ya huda ya haɗa da hannunsa. Ta nan yara da dama suka fara koyon ƙira.

To, mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwanmu kuwa da yawa, domin babban yayan wannan inji ya shigo ƙasarmu ɗauke da sunan Hausa. A 1832 wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya taso daga Liverpool da jiragen tururi biyu. Ɗaya Quorra, wato Kwara. Ɗayan kuma, mai jikin ƙarfe, Alburkah, wato Albarka. Jagoran tafiyar shi ne Richard Lander, yaron Clapperton, Baturen nan da ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Itace ake sara a bakin kogi ana cusa wa tukunyarsu. Albarka ya kai har Rabba a ƙasar Nufe a 1833, amma zazzaɓi ya yi musu ɓarna: cikin Turawa 48, tara kaɗai suka tsira.

A 1854 Dokta William Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, mutanensa suna shan kwinin, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Baikie ya zauna a Lakwaja, kamfanoni suka biyo sawunsa, bayan kamfanoni kuma sai sojoji. Jiragen tururi ne suka sauke ƙarafan layin dogo a Baro, aka fara shimfiɗawa a 1907, ya isa Kano a 1911. Fataucin da kakanninmu ke yi da jakuna ya koma bayan tukunyar ruwan zafi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Kano da Katsina ba su rasa maƙera ba, Bida ba ta rasa masu aikin tagulla ba. Mun yi wa jirgin dako, mun sara masa itace, mun ba shi suna, amma ba a buɗe mana cikinsa ba. Su kuwa sun mayar da shi ƙarami sun miƙa wa 'ya'yansu.

Mu duba zamanmu a nan. Kasuwar Gudu cike take da kayan gyaran mota, ga garejin Apo a kusa, amma da yawanmu dako, gadi da sayar da shayi muka tsaya a kai. Sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Sai dai yaron da ke lanƙwasa waya da gwangwanin madara yana ƙera mota, bai kamata mu kore shi da cewa yana tara shara ba. Bayan ya taso daga boko da islamiyya, mu kai shi wurin amintaccen makanike ya ga cikin inji da idonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.