Lasisi da kaso: yadda ake rabon kifin teku a ƙasar Ayislan

Ƙasar Ayislan tsibiri ce da ke arewacin tekun Atlantika, wadda yawan al'ummarta bai wuce dubu 400 ba, amma tana cikin manyan ƙasashen Turai masu kamun kifi. A wannan ƙasa mallakar jirgin ruwa da taru ba ta isa mutum ya shiga teku ya yi su don kasuwanci ba. Wajibi ne ya samu lasisi daga hukuma, sa'annan ya mallaki kaso na kowane irin kifi da yake son kamawa. Wannan tsari na rabon kaso ya taimaka wajen ceto kifin ƙasar daga ƙarewa, sai dai har yau ana taƙaddama kan ko su wane ne suka fi cin moriyarsa.

Asalin tsarin

Tun kafin maganar kaso ta taso, sai da Ayislan ta yi fama wajen fitar da jiragen ƙasashen waje daga ruwanta. A shekara ta 1958 ta faɗaɗa iyakar ruwan da take iko da shi zuwa mil 12 daga gaɓa, a 1972 ta kai shi mil 50, kana a 1975 ta mai da shi mil 200. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya haddasa rikici da Birtaniya, wadda ta riƙa tura jiragen yaƙi domin su yi wa masuntanta rakiya. An kawo ƙarshen rikicin a shekara ta 1976, bayan da Birtaniya ta amince da iyakar mil 200.

To amma ficewar baƙi ba ta magance matsalar ba, domin 'yan ƙasar da kansu sun yi ta sayen sababbin jirage. Tun a ƙarshen shekarun 1960 kifin herin, wanda ake kira shawa a kasuwannin Nijeriya, ya kusa ƙarewa a ruwan ƙasar saboda yawan kamu. A 1975 kuma masana kimiyyar teku na ƙasar suka fitar da wani rahoto da ya yi gargaɗin cewa kifin kod, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, ya kama hanyar da herin ya bi.

Wannan ne ya sa a shekara ta 1984 aka fara raba wa jirage kason kod da sauran kifayen da ke zama a ƙasan teku. An yi rabon ne gwargwadon abin da kowane jirgi ya kama a shekaru uku da suka gabata, kuma ba a karɓi ko sisin kwabo daga masu jiragen ba. A 1990 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar kula da kamun kifi, wadda ta ba da damar saye da sayar da kaso. An sake fitar da dokar a 2006, kuma ita ce ake aiki da ita tare da gyare-gyaren da aka yi mata. Sashe na farko na dokar ya bayyana cewa kifin da ke cikin ruwan ƙasar dukiya ce ta al'umma baki ɗaya, kuma ba wa wani kaso ba ya nufin an mallaka masa kifin har abada.

Sharuɗɗan samun lasisi

Hukumar kula da kamun kifi, wadda ake kira Fiskistofa a harshen ƙasar, ita ce ke bayar da lasisi. Jirgi ake ba wa lasisin, kuma dole ne ya kasance an yi masa rajista a Ayislan, yana kuma da takardar shaidar cewa lafiyarsa ƙalau ta shiga teku. Kazalika masu jirgin su zama 'yan ƙasa ne ko kamfanonin ƙasa, domin doka ta taƙaita hannun jarin da baƙi za su iya mallaka a kamfanonin su.

Babban lasisin iri biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda manyan jirage masu jan taru suke aiki da shi. Akwai kuma na ƙananan jirage masu kamu da ƙugiya kawai, wato waɗanda tsawonsu bai kai mita 15 ba. Ba a yarda jirgi ɗaya ya riƙe duka biyun a shekara guda ba. Haka nan idan jirgi ya yi watanni 12 bai fita su ba, lasisinsa ya faɗi. Wasu nau'o'in kamun kuma suna buƙatar izini na musamman baya ga babban lasisin.

Yadda ake ƙayyade kaso

Ga yawancin kifaye, shekarar su tana farawa ne daga ranar 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Kafin ta kama, cibiyar binciken teku ta ƙasar takan ƙiyasta yawan kowane irin kifi, ta ba gwamnati shawara. Daga nan sai minista ya sanar da jimillar tan da aka yarda a kama.

Abin da jirgi ya mallaka na dindindin shi ne wani kashi cikin ɗari na abin da za a raba. Alal misali, idan jirgi yana da kashi 1 cikin ɗari na kod, aka kuma raba tan dubu 200, to rabonsa na shekarar tan dubu 2 ne. Idan aka rage jimillar, rabonsa ya ragu ke nan, ba tare da an biya shi diyya ba. Kafin a yi rabon, gwamnati takan ware kashi 5.3 cikin ɗari domin taimaka wa ƙananan garuruwan gaɓar teku da ƙananan masunta.

Domin kada siyasa ta rinjayi lissafin, a 1995 aka kafa ƙa'idar cewa ba za a kama fiye da kimanin kashi 25 cikin ɗari na kod ɗin da ya isa kamu ba. A 2007 aka rage shi zuwa kashi 20, aka kuma zabtare jimillar kamun daga tan dubu 193 zuwa tan dubu 130 a lokaci guda. Matakin ya yi wa masunta zafi ƙwarai, amma kifin ya farfaɗo, har jimillar ta haura tan dubu 270 a shekarar su ta 2019 zuwa 2020, kafin daga bisani a sake rage ta. Wani lokaci ma akan hana kamun baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa ƙaramin kifin nan mai suna kafelin a 2019 da 2020 da kuma 2024.

Nauyin da ke kan mai kaso

Babban nauyin da doka ta ɗora wa masunci shi ne ya kawo duk abin da ya kama tudu. An haramta zubar da kifi a teku don ya yi ƙanƙanta ko don ba shi da tsada. Dalili kuwa shi ne, mai kaso ƙayyadajje zai so ya cika shi da kifi mafi daraja, ya watsar da sauran matattu, wanda hakan ke lalata lissafin masana.

Direban jirgi yana rubuta abin da aka kama da wurin da aka kama shi a littafin kamu na kwamfuta, sa'annan jirgin na ɗauke da na'urar da ke nuna wa hukuma inda yake. Da zarar ya iso tashar ruwa, ma'aikacin awo mai izinin hukuma ne zai ɗora kifin a sikeli. Nan take ake aika sakamakon ga Fiskistofa, ta cire shi daga rabon jirgin. Ana buga waɗannan alƙaluma a intanet, ta yadda kowa zai iya duba abin da kowane jirgi ya sauke da abin da ya rage masa.

Tun da yake taru ba ya zaɓen kifi, dokar ta bar wasu ƙofofi na sassauci. Jirgi na iya wuce rabonsa da kashi 5 cikin ɗari a cire daga na baɗi, ko ya ajiye wani ɓangare zuwa shekara mai zuwa. Yana iya karɓar hayar kaso daga wani jirgin domin ya rufe abin da ya kama. Kazalika yana iya kawo ɗan ƙaramin ɓangare na kamun ba tare da an cire daga rabonsa ba, muddin an sayar da shi a kasuwar gwanjo, inda kashi 80 cikin ɗari na kuɗin zai shiga asusun bincike, jirgin ya samu kashi 20 kacal.

Akwai kuma sharuɗɗan da aka sanya domin hana mutum zama a gida yana cin kuɗin haya. Dole jirgi ya kama aƙalla rabin rabonsa da kansa, idan ba haka ba ya rasa kasonsa. Bugu da ƙari, ba a yarda kamfani ɗaya ya mallaki fiye da kashi 12 cikin ɗari na kod ba, ko fiye da kashi 12 na jimillar darajar dukkan kason ƙasar.

Jami'an Fiskistofa suna bin jirage zuwa teku, suna kuma duba tashoshi, yayin da dakarun tsaron gaɓar teku ke sintiri. Ana rufe wasu yankuna a lokacin da kod ke zuba ƙwai. Wanda ya karya doka na iya fuskantar dakatar da lasisi, ko tara, ko ɗauri idan laifin ya yi muni.

Tun daga 2004 masu kaso suke biyan gwamnati kuɗin amfani da albarkatun teku a kan kowane kilo da suka sauke. Dokar da aka yi a 2018 ta ɗora shi a kan kashi 33 cikin ɗari na ribar da aka ƙiyasta ana samu daga kamun, kuma a watan Yulin 2025 majalisa ta sauya hanyar lissafin domin kuɗin ya ƙaru, bayan doguwar muhawara mai zafi.

Ƙorafe-ƙorafe

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya kawo ƙarshen rige-rigen kamu. Tun da kowa ya san rabonsa, kamfani na iya tsara aikinsa a tsawon shekara, ya mai da hankali kan ingancin kifi. Ana ma sarrafa sassan da a da ake zubarwa, kamar fata da hanta da kai. Nijeriya ce babbar kasuwar busassun kawunan kifi da ƙasusuwan da Ayislan ke fitarwa, saboda haka ƙaruwa ko raguwar kason kod na shafar yawan wannan haja.

Masu suka kuwa suna nuni da cewa kason da aka bayar kyauta a 1984 ya zama dukiya mai tsadar gaske, kuma ya taru a hannun wasu manyan kamfanoni 'yan ƙalilan. Matashin da ke son shiga sana'ar sai ya sayi kaso ko ya yi haya daga waɗanda suka riga shi. Garuruwa da dama sun tagayyara sa'ad da aka sayar da kason jiragensu zuwa wani wuri. Haka ta faru a garin Flateyri da ke arewa maso yammacin ƙasar a 2007, lokacin da babban kamfanin garin ya sayar da kasonsa ya rufe.

Maganar ta kai gaban shari'a. A 1998 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa taƙaita lasisi ga masu tsofaffin jirage kaɗai ya saɓa wa tsarin mulki, abin da ya sa aka buɗe ƙofar lasisi ga duk jirgin da ya cika sharuɗɗa. Amma a 2000 kotun ta tabbatar da halascin tsarin kason kansa. A 2007 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan wasu masunta biyu, inda ya ce yadda aka yi rabon ya nuna bambanci tsakanin 'yan ƙasa.

Bayan haka ne a 2009 aka ɓullo da kamun gaɓar teku na lokacin bazara, wanda ba ya buƙatar mallakar kaso. Ana yinsa daga watan Mayu zuwa Agusta, daga Litinin zuwa Alhamis, da ƙugiya kawai, kuma an ƙayyade abin da jirgi zai sauke a rana da kilo 650 bisa ma'aunin kod. Ɗaruruwan ƙananan jirage ne ke shiga kowace shekara, sai dai sau da yawa tan ɗin da aka ware musu kan ƙare kafin Agusta ya kama, a dakatar da kamun.

Ƙasashe irin su New Zealand da Namibiya su ma suna raba kason kifi, kowace da irin nata tsarin. A Namibiya, ministoci biyu sun yi murabus a watan Nuwamban 2019 bayan zargin cewa wani babban kamfanin Ayislan ya ba da cin hanci domin samun kaso a ruwan ƙasar. A Ayislan kanta, masu fafutuka na ci gaba da neman a rubuta a cikin tsarin mulki cewa albarkatun teku mallakar al'umma ne, buƙatar da mafi yawan masu jefa ƙuri'a suka goyi baya a ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2012, amma majalisa ba ta zartar da ita ba.