Bagega: Ƙasa da Jama'arta

Tun ina ƙarami a Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, nake jin sunan Bagega, wani ƙauye na ƙaramar hukumarmu inda gero da dawa ke riƙe da gidaje. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 142,280 ne a ƙaramar hukumar, amma ba ta ambaci abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba, wato duwatsu masu zinariya gauraye da dalma.

Da farashin zinariya ya tashi, magidanta suka riƙa kai dutsen gida, ana dakawa ana niƙawa kamar hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasarta, aka zuba sabuwa.

Don haka, a ganina, duk mai rubuta yawan mutanen Bagega ya wajaba ya fara da leƙa maƙabartarta, ya ƙirga ƙananan kaburbura.