Shekarar da Afolo ya shigo gidanmu

Ina aji uku a firamare a Ɗambatta, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, wata safiya na farka na kasa buɗe ido. Kwantsa ta liƙe su. Da Inna ta wanke min da ruwan ɗumi, sai ga farin idon ya yi jawur kamar an zuba jini a ciki, ga zafi kamar an watsa min yashi. Kafin kasuwar Lahadi ta zagayo, mutum takwas a gidanmu sun kamu.

Ciwon ido ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mun san amosani, wanda ƙuda ke yawo da shi a fuskar yara, ya yi ta dawowa har gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Mun san jan idon hunturu, da na lokacin sussuka, in ƙaiƙayin gero ya faɗa wa mace a ido. Amma wanda zai kwantar da unguwa guda cikin mako, dattawa suka ce ba su taɓa gani ba. Fatake masu kai shanu kudu ne suka zo mana da sunansa: Afolo.

Sai da na girma na ji asalin sunan. A Akara ta ƙasar Gana aka fara ganin cutar a tsakiyar 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya kai Neil Armstrong duniyar wata, a watan Yuli. Mutane suka ce ƙurar wata ce aka jajibo mana. Daga can ta bi gaɓar teku zuwa Legas, ta haura arewa, ta bazu har Indiya da Japan. A Japan ɗin ne masana suka gano ƙwayar, wani bairos da aka sa wa suna enterovirus 70. Sunan likitoci bai zauna a bakin kowa ba, na kumbon ya zauna.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta hana mu kallon idon mai ciwo, wai ta kallo ake ɗauka. Amma ita ce kuma take jera mu da yamma ta rambaɗa mana kwalli daga tandu ɗaya, da tsinke ɗaya, daga idon wannan zuwa na wancan, don ya tsotse zafin. Yanzu na san hannu ne ke raba cutar, da tsumman goge fuska, da matashin kai, da tsinken nan nata. Ban ga laifinta ba. Abin da ta gada ke nan.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne sauran magungunan. Na ga an ɗiga ruwan sukari, ruwan albasa, nonon mai shayarwa, har fitsari. Afolo kuwa in an ƙyale shi, ana wanke ido da ruwa mai tsabta, ana wanke hannu da sabulu, kwana bakwai zuwa goma yake tafiya da kansa. Wani abokin wasana an sa masa abin da ban sani ba, idon ya kumbura ya yi mugunya. Da aka kai shi asibitin ido na Mishan da ke Sabon Gari a Kano, wanda Dokta Hursh ya buɗe a 1943 kuma yanzu ake kira na ECWA, sun ceci ido ɗaya, ɗayan ya yi hakiya. Har ya yi aure hakiyar tana nan.

Yau kemis ya maye gurbin tandu, sai dai halin bai sauya ba. Mutum zai ce a ba shi "na jan ido", a miƙo masa ɗigo mai sinadarin sitiroyid, wanda in akwai gyambo a baƙin idon ƙara shi zai yi. Ma'aikacin ido kuwa tambaya yake fara yi: ido ɗaya ne ko biyu? Gani ya ragu? Haske na damunka? Wani abu ya soke ka a gona? In ido ɗaya ne, da ciwo har cikin kai da dishi-dishi, ba Afolo ba ne, a nufi asibiti a ranar. Haka jaririn da idonsa ke zubar da mugunya kafin a yi suna.

Tandun kakata yana wurin ƙanwata. Ta ce jikokinta sun ɗauka kwalbar turare ce.