Yadda Tatsuniya Ta Samu Gindin Zama a Laburaren Amurka

Wanda ya shiga laburaren jama'a a kusan kowane ƙaramin gari na Amurka a yau zai tarar da ɗaki na musamman na yara, da kujeru da tebura daidai tsayinsu, da jadawali manne a bango: ranar kaza ana karanta wa 'yan shekara 3 littafi, ranar kaza akwai gasar karatun dogon hutu. Sai ya ɗauka da haka abin ya taso. Alhali a tsakiyar ƙarni na 19 yaro ko ƙofar bai isa ya tsallaka ba. Laburaren Boston da aka buɗe a 1854, da galibin waɗanda suka biyo bayansa, manya aka gina wa. Dokokin da yawansu sun hana ba da aron littafi ga wanda bai kai shekara 12 ko 14 ba, littattafan kuma suna can bayan kanta, sai mutum ya rubuta abin da yake so a takarda ma'aikaci ya ɗauko masa. Abin da ya sauya wannan hali shi ne wasu ma'aikatan laburare, kusan dukansu mata, sun lura cewa littafin da ke kan kanta ba ya jawo mai karatu da kansa, sai an samu mutumin da zai haɗa su. Shirye-shiryen yara da ake yi a laburare a yau daga wannan lura suka samo asali.

Farkon abin a hankali ya zo. A garin Pawtucket, Minerva Sanders ta fara barin yara su shigo tun a wajajen 1877, har ta ware musu wuri. A Hartford, Caroline Hewins ta wallafa jerin littattafan da suka dace da yara a 1882, ta kuma riƙa tambayar sauran laburare me suke yi wa ƙanana, tambayar da ta kunyata da yawa. Sai kuɗin Andrew Carnegie ya shigo. Wannan attajirin ƙarfe, haifaffen Sikotilan, ya biya kuɗin gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, kusan 1,700 daga ciki a Amurka. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da wurin. Wannan sharaɗi ya fi ginin kansa tasiri, domin garin da ke biyan haraji kan laburare zai so ya ga jama'a a ciki, kuma babu jama'ar da ta fi yara saurin cika ɗaki.

A birnin Pittsburgh, inda Carnegie ya tara dukiyarsa, aka mai da abin sana'a mai ƙa'ida. Frances Jenkins Olcott ta karɓi sashen yara a 1898, a 1899 aka fara zaman ba da labari a kai a kai, ba da jimawa ba kuma aka buɗe ajin horar da ma'aikatan da za su yi aiki da yara kaɗai. Yadda suka tsara zaman ne ya kamata a tsaya a duba. Ba su tara yara don kashe lokaci ba. Suna ɗaukar dogon labari, kamar na yaƙin Taroy na Girkawa ko tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, su rarraba shi mako-mako, mai ba da labarin ta faɗa da baki ba tare da duba takarda ba, littattafan da ke ɗauke da shi kuma suna jere a kusa. Yaron da aka katse masa labari a tsakiya ba ya iya haƙurin mako guda, sai ya nemi littafin. Ga 'ya'yan leburorin masana'antu da ba sa iya zuwa, akan kai ƙaramin akwatin littattafai gidan ɗayansu, wata mai aikin sa kai ta riƙa zuwa duk mako ta zauna da yaran unguwa. A New York kuwa Anne Carroll Moore, wadda ta fara da ɗakin yara na Cibiyar Pratt a 1896, ta zama shugabar aikin yara ta laburaren birnin a 1906. Ta soke dokar shekaru, ta sa kowane yaro ya rubuta sunansa da hannunsa a wani babban littafi a kan alkawarin zai kula da abin da aka ba shi aro.

Ba kowa ya yarda ba, kuma masu suka ba wawaye ba ne. John Cotton Dana, shugaban laburaren Newark kuma ɗaya daga cikin manyan sana'ar, ya ce ba da labari aikin malamin makaranta ne, ma'aikacin laburare kuma ya fi amfani idan ya wadata malamai da littattafai, tunda malami ɗaya yana riƙe da yara da yawa kullum. Lissafinsa daidai ne idan kai ake ƙirgawa. Inda ya gaza shi ne bai auna bambancin wuraren biyu ba. A aji, labari yana zuwa da tambaya da maki a bayansa. A laburare yaro da ƙafarsa ya zo, ba wanda zai jarraba shi, kuma idan an tashi shi zai zaɓi abin da zai tafi da shi gida. Son karatu a wannan 'yancin yake tsirowa, kuma makarantun da kansu sun amince da haka daga baya, da suka fara kafa nasu laburare da ƙwararrun ma'aikata, har dokar ilimi ta tarayya ta 1965 ta ware kuɗi na musamman don sayen littattafan laburaren makarantu.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa waɗannan shirye-shirye hanya ce ta sarrafa 'ya'yan talakawa da baƙin haure, a wanke musu hannu kafin su taɓa littafi, a cusa musu ɗabi'un masu hali. Akwai gaskiya a nan. Moore da kanta mai kafiya ce wajen yanke abin da ya cancanci yaro ya karanta, kuma littattafan da yara suka fi so da dama sun daɗe ba su shiga kantarta ba. A kudancin ƙasar ma an hana yara baƙar fata shiga laburare da yawa, shi ya sa buɗe reshen baƙar fata a Louisville a 1905 ya zama abin tarihi. Amma ta ƙofar zaman labarin gyaran ya shigo. Pura Belpré, 'yar tsibirin Puerto Rico, ta fara aiki a laburaren New York a 1921, ta ga babu tatsuniyoyin mutanenta a kanta, sai ta riƙa faɗarsu da Sifaniyanci da Turanci tana wasa da 'yar tsana, daga baya ta rubuta su suka zama littattafai. Augusta Baker, da ta kama aiki a reshen Harlem a 1937, ta tattara littattafan da ke nuna baƙar fata da mutunci, ta kuma matsa wa masu wallafa lamba. Mai ba da labari tana kallon fuskokin masu saurarenta, don haka ita ce ta fara gane littafin da babu shi.

Wani ɓangare na wannan tarihi ya iso Najeriya, domin gidauniyar Carnegie ce ta tallafa wa laburaren Legas na 1932, ita ce kuma ta ba da kuɗin kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Ibadan a daidai lokacin samun 'yancin kai. Gini da kantoci da tsarin jera littattafai sun ƙetaro teku cikin sauƙi. Matar da ke zama da yara duk mako ce ba ta cika samun gurbi a kasafin kuɗi ba, abin mamaki a ƙasar da kusan kowane yaro ya tashi da jin tatsuniya da dare. Hukumomin laburare na jihohi da shugabannin makarantu da ke shirin sayen sababbin littattafai bana, su ware albashin wanda zai karanta su ga yara, su kuma sa masa rana da lokaci a jadawali.