Émile Coué: Mai haɗa magungunan da ya koya wa Faransawa faɗa wa kai alheri

A ƙasar Hausa, ko majinyaci na kwance rai a hannun Allah, idan aka ce masa "ya jiki?" amsarsa ɗaya ce: "da sauƙi." A Faransa an yi wani mutum da ya mayar da irin wannan furuci hanyar magani, kuma har yau sunansa na bakin jama'a. Shi ne Émile Coué, wanda ake ɗauka a matsayin uban ɗabi'ar nan ta maimaita kalmomin ƙarfafa gwiwa ga kai, wadda yanzu ta cika shafukan sada zumunta.

An haifi Coué a garin Troyes a shekarar 1857. Ya karanci ilimin haɗa magunguna a Paris, sannan ya koma garinsu ya riƙe shagon magani na kusan shekara 30. A nan ne ya lura cewa idan ya yabi magani yayin da yake miƙa wa mai saye, mutumin ya fi dawowa da labarin samun sauƙi. Maganin bai canza ba, abin da mai shan sa ya sa a rai ne ya canza.

A zamanin ana tafka muhawara tsakanin likitocin Faransa kan dabarar jefa mutum cikin yanayi mai kama da barci ta hanyar magana. Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière da ke Paris yana ganin masu wata larura ta musamman ne kawai ke faɗawa wannan yanayi. Likitocin garin Nancy kuwa, Ambroise Liébeault da Hippolyte Bernheim, sun ce tasirin magana ne, kuma yana iya kama mai cikakkiyar lafiya. Coué ya bi ɓangaren Nancy, daga baya ya wuce su: ya ce ba a buƙatar wani ya sa mutum barci, shi da kansa zai iya dasa wa zuciyarsa tunani. A 1910 ya koma Nancy, inda yake karɓar jama'a kyauta.

Umarninsa ba shi da wuya. Da safe kafin a tashi, da kuma dare kafin barci, mutum ya rufe ido ya maimaita sau 20, a hankali, wata jimla mai nufin cewa kullum yana ƙara samun sauƙi ta kowace fuska. Don kada a shagala da lissafi, ya ba da shawarar riƙe zare mai ƙulli 20, abin da duk wanda ya saba da carbi zai gane nan take. Hujjarsa ita ce, idan ƙudurin mutum ya yi karo da abin da zuciyarsa ke raya masa, na zuciyar ne ke rinjaye. Shi ya sa mai fama da rashin barci, iya matsa wa kansa iya bushewar idonsa.

Littafinsa ya karɓu a Ingila da Amurka, kuma da ya je Amurka a 1923 jaridu sun yi ta bin sa. Ya rasu a Nancy a 1926. Sai dai a gida sunan ya zama abin zolaya. Idan ɗan adawa a majalisar dokoki da ke Paris ya ce gwamnati na bin "hanyar Coué", yana nufin tana yaudarar kanta, tana cewa lafiya lau alhali rufi na yoyo.

Zolayar ba ta rasa tushe ba. A 2009, Joanne Wood da abokan aikinta na Jami'ar Waterloo a Kanada sun sa ɗalibai maimaita cewa su mutane ne abin ƙauna. Waɗanda dama suke ganin kimar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda ba sa ganin kimar kansu, wato ainihin mabukatan taimakon, sun ƙara jin ƙunci. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, idan magana ta yi nisa da abin da mutum ya yarda da shi, zuciyarsa na tashi ta ƙaryata ta, ta jero masa duk hujjojin da ke nuna akasin haka.

Akwai wata hanya mai kama da wannan a suna, amma ta sha bamban. Masanin halayyar ɗan Adam Claude Steele ya gabatar da ita a 1988: maimakon yabon kai, mutum ya tuna abubuwan da ke da daraja a wurinsa, kamar iyali, addini ko sana'a. A wani bincike da Geoffrey Cohen ya jagoranta, aka wallafa a mujallar Science a 2006, an sa yara 'yan makaranta a Amurka su yi ɗan gajeren rubutu kan irin waɗannan abubuwa, sai sakamakon ɗalibai baƙar fata ya inganta. A nan ba a nemi kowa ya faɗi abin da bai yarda da shi ba.

Kusan wannan layi ne likitocin ƙwaƙwalwa na Faransa suka bi. A Lyon, Jean Cottraux na cikin na farko da suka kafa tsarin jinya ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, musamman ga masu fama da tsananin fargaba. A wannan tsari, idan majinyaci ya ce "ban iya komai ba", ba a maye masa gurbinta da "na fi kowa". Ana zama da shi a auna maganar da hujja, har a kai ga wadda za ta tsaya da ƙafarta, misali "na faɗi wannan jarrabawa, amma na ci wasu a baya". A Paris kuma, Christophe André, wanda ya daɗe a asibitin Sainte-Anne, ya yi rubuce-rubuce da ke karkata ga karɓar kai da duk naƙasunsa.

Ko Coué kansa bai hana mutane ganin likita ba; ya ɗauki hanyarsa a matsayin mataimakiyar magani. Wannan gaɓa ce ta fi ɓacewa a bidiyoyin intanet, kuma ita ce mafi haɗari ga al'ummar da ta saba rufe ciwo da "da sauƙi". Makonni na rashin barci, yankewar sha'awar abinci da mu'amala, ko tunanin kashe kai, alamu ne da ke buƙatar likita.

Faransa ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin babban abin da ƙasa ta sa a gaba a 2025. Shirin Mon soutien psy, wanda aka fara a 2022, yana ba da damar zama 12 a shekara da masanin halayyar ɗan Adam, inshorar lafiya ta ɗauki nauyin mafi yawan kuɗin. Tun watan Oktoban 2021 kuma akwai lambar 3114, wadda mai tunanin kashe kansa ko ɗan uwansa zai iya kira kyauta, dare da rana, daga ko'ina a ƙasar.