Kitson da aka tono daga ramin kuza

Ɗinki ne sana'ata a Gwantu, mafi yawa anko da kayan amare. Kusan duk wadda ta kawo atamfa ko leshi, waya take miƙo mini da hoton wani yayi na Legas ko Dubai. Ina ɗinka musu. Amma kwalliya a ƙasarmu ta girmi Legas nesa ba kusa ba, kuma shaidar tana bayan gilashi a gidajen tarihi na Jos da Kaduna.

A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, ƙasar Jaba, suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Sai a 1943 wani ya sake fitowa a wajen Jama'a, nan kusa da Kafanchan. Ma'aikacin da ya same shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa don korar tsuntsaye, ya shekara a can kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya ga kamanninsa da na farko. Shi ya sa wa wannan al'ada sunan Nok, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, sun nuna cewa mutanen Nok sun fara zama tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

A jikin waɗannan sassaƙe-sassaƙen yumɓu, masana idanu suke kallo, masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Ni wuya da kai nake kallo. Dubi yadda aka tara gashi curi-curi, wani da rami a samansa, wani an zubo shi tufka-tufka ta gefen kunne. Dubi duwatsun tsakiya jere bisa jere tun daga maƙogwaro har ƙirji, da warwaro cike da hannu, da munduwa a ƙafa, da jigida a ƙugu. Tufa kaɗan ce, adon ne ya yi yawa, kuma maza ma ba a bar su a baya ba. Wanda ya gina waɗannan ya zauna ya ƙirga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, domin a wajen mutanensa yadda ka fito cikin jama'a ba abin wasa ba ne. Wasu 'yan'uwana ba sa son ko kallonsu, suna cewa gumaka ne. Ina girmama ra'ayinsu. Ni abin da na je nema ya tsaya a kan kitso da jerin duwatsu.

Daga can na koyi tara nauyin ado a wuya in bar jikin riga fili. Nakan ɗauki shadda mai launin jar ƙasa, in jera surfani zagaye-zagaye daga wuya zuwa kafaɗa, kowane layi ya fi na samansa faɗi, hannu kuma in yi masa zobba kamar warwaro. Ba sabon abu ba ne tela ya ɗauko salo daga gidan zane: a 1965 Yves Saint Laurent ya mayar da zanen Mondrian rigunan mata a Faransa, duniya ta yi ta tafi.

Abin da ke ci mini rai shi ne satar da aka yi. A shekarun 1990 an yi ta tonon ɓoye ana fitar da kayan Nok Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a shekarar 2000, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Kowane kai da ya tafi haka ya tafi da kitson da 'yar Gwantu ba za ta taɓa gani ba. Waɗanda Jamusawa suka baje kolinsu a Frankfurt a 2013 kuwa an dawo da su, suna Kaduna, kuma kuɗin mota kawai ya raba mu da su.