Yadda ƙarar wani uba ta hau har Kotun Ƙolin Amurka

A nan ƙasarmu doka guda ce. Abin da anka rubuta a Yamai shi ke aiki a Damagaram, shi ke aiki a Tawa da Maraɗi. Amurka ba haka take ba. Ƙasar tarayya ce mai jihohi 50, kowace jiha da gwamnanta, da majalisarta, da dokokinta, da kotunanta. Bisa gare su akwai gwamnatin tarayya a birnin Washinton, ita ma da nata kotunan. Wanda ya san Nijeriya ba zai yi mamaki ba, don tsarin mulkin da maƙwabtanmu sunka ɗauka a 1979 ya yi koyi da na Amurka a wurare da yawa.

Yawancin shari'u, kamar na sata, da kisan kai, da mutuwar aure, da rigimar gado, kotunan jiha ke yanke su. Kotun tarayya tana shiga ne in magana ta taɓa tsarin mulki ko wata dokar tarayya, ko in jihohi biyu na rigima, ko in mutanen jihohi dabam-dabam na jayayya kan dukiya mai yawa.

Tsarin mulkin da anka rubuta a Filadelfiya a 1787, kotu guda kawai ya kafa da suna, watau Kotun Ƙoli. Sauran ya bar wa majalisa. A 1789 majalisa ta yi doka, ta ba Kotun Ƙoli alƙalai 6, ta kafa ƙananan kotuna 13. Alƙalan farko sun sha wahala, don tilas ne su riƙa zagaya ƙasa bisa doki ko keken doki, suna shari'a gari gari. A 1869 anka tsaida yawansu 9, kuma har yau haka yake. A 1891 anka kafa kotunan ɗaukaka ƙara don a rage musu kaya.

Shi ya sa yau ginin yake hawa uku. A ƙasa akwai kotunan gunduma 94. Nan ne ake fara ƙara, nan ne shaidu ke magana. Alƙali guda ke zama, in laifi babba ne kuma a zaɓo mutanen gari 12 su saurara, su ce mutum ya aikata ko bai aikata ba. A tsakiya akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13. Alƙalai uku ke duba kowace shari'a. Ba su kiran shaidu, takardu suke karantawa su saurari lauyoyi, su ga ko alƙalin ƙasa ya bi doka daidai. Can bisa sai Kotun Ƙoli. Dubban ƙararraki ke zo mata kowace shekara, amma waɗanda take zama ta saurara ba su kai ɗari ba. Sai huɗu cikin taran sun yarda kafin a karɓi ƙara.

Shugaban ƙasa ke zaɓen waɗannan alƙalai, majalisar dattawa ta amince. Daga nan mutum ya zauna ke nan, sai mutuwa ko ya aje aiki da kansa. Ba a rage masa albashi, ba a fitar da shi sai majalisa ta tuhume shi da babban laifi ta kama shi. An yi haka ne don kada alƙali ya ji tsoron wanda ya naɗa shi.

To, yaya suke yanke hukunci? Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, tsarin mulki ya fi kowace doka. A 1803, cikin ƙarar da wani mai suna Marbury ya kai ministan harkokin waje Madison, babban alƙali John Marshall ya ce in dokar majalisa ta saɓa wa tsarin mulki, kotu ba za ta yi aiki da ita ba. Tun daga ranar kotu ta riƙe wannan iko. Na biyu, hukuncin baya yana ɗaure na gaba. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalin ƙasa ba shi da ikon tsallake shi, ko da ransa bai so. Cikin kotuna, ita kaɗai ke iya warware abin da ta ƙulla.

Kada a zaci kullum gaskiya kotun nan take bi. A 1857, cikin shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sai da anka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, anka hana bauta, sannan a 1868 anka ƙara wa tsarin mulki gyara na 14, mai cewa tilas kowace jiha ta ba kowa kariyar doka daidai. Duk da haka jihohin kudu sunka raba mutane: makaranta dabam, wurin zama a jirgin ƙasa dabam. Wani mai suna Homer Plessy ya zauna a taragon Turawa a jihar Luwiziyana, anka kama shi. A 1896 Kotun Ƙoli ta ce raba mutane ba laifi ba ne, muddin abin da anka ba kowane ɓangare daidai yake. Alƙalai bakwai sunka yarda. Guda ɗaya, John Harlan, ya ƙi, ya rubuta dalilinsa anka aje tare da hukuncin. Haka al'adarsu take: wanda anka rinjaya yana rubuta nasa ra'ayi, ko wata rana a waiwaye shi.

Wannan hukunci ya yi shekara hamsin da ƴan kai yana aiki kafin a zo kan Oliver Brown. Shi ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai walda, a garin Topeka na jihar Kansas. Ɗiyarsa Linda takan ratsa wurin da jiragen ƙasa ke canjin hanya, ta je ta jira mota zuwa makarantar baƙaƙe, alhali ga makarantar Turawa kusa da gidansu. Ya kai ta can, anka ƙi rubuta ta. A 1951 shi da waɗansu iyaye 12 sunka kai ƙara kotun tarayya.

Alƙalai uku sunka zauna, don a zamanin haka ake yi in ana ƙarar dokar jiha da cewa ta saɓa wa tsarin mulki. Sunka ba Brown rashin gaskiya. Amma a ganina ba mugunta ta sa su ba, hannunsu ne a ɗaure. Makarantun Topeka na baƙaƙe da na Turawa kusan daidai suke wajen gini da malamai, hukuncin Plessy kuwa yana nan. Sai dai sun yi wani abu na dabara. Sun rubuta cikin takardar hukunci cewa shaidu sun tabbatar musu ware yara yana cutar da ɗan baƙar fata, yana sa ya ga kansa ƙasa da wani, yana rage masa himmar karatu. Ƙofar da ba su iya buɗewa, sun bar mabuɗinta a jiki.

A zamanin, irin wannan ƙara ba ta tsayawa hawa na biyu, kai tsaye take zuwa Kotun Ƙoli. Can anka haɗa ta da irinta daga jihohi uku: Karolina ta Kudu, da Bajiniya, da Delawa. Babban lauyan ƙungiyar da ke kare haƙƙin baƙaƙe, Thurgood Marshall, shi ya ja gaba. Anka saurari lauyoyi a watan Disamba na 1952, kawunan alƙalai sunka rabu, anka ce a sake zama. Kafin a sake, babban alƙali Fred Vinson ya rasu a watan Satumba na 1953, shugaba Eisenhower ya naɗa Earl Warren, gwamnan Kalifoniya.

Warren ya san siyasa. Ya gane cewa in hukunci ya fito biyar da huɗu, ko ma takwas da ɗaya, mutanen kudu za su riƙe maganar wanda ya ƙi su fake da ita. Sai ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta lallashi har sunka haɗa baki. Ranar 17 ga Mayu 1954 ya karanta hukunci, gajere, wanda kowa ke iya ganewa. Duka taran sun yarda cewa ware yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa gyara na 14. Cikin dalilansa har da maganar nan da alƙalan Kansas sunka rubuta.

Amma alƙali ba shi da soja, ba shi da baitulmali. Takarda yake rubutawa, wani ke zartarwa. Jihohin kudu da yawa sunka yi kunnen uwar shegu. A watan Satumba na 1957, a garin Little Rock na jihar Arkansas, gwamna Orval Faubus ya sa dakarun jiha sunka tare ƙofar wata babbar makaranta don kada yara baƙaƙe tara su shiga. Alƙalin kotun gunduma ya ba da umurni a janye su. Da anka janye, taron masu zanga-zanga ya kewaye makarantar. Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya, su ne sunka raka yaran har cikin aji. A 1958 Kotun Ƙoli ta sake zama kan wannan rigima, ta ce babu gwamna ko majalisar jiha da ke da ikon ƙin bin hukuncinta, alƙalan tara kuma kowa ya sa sunansa.

Shi kuwa lauya Thurgood Marshall, a 1967 shugaba Johnson ya naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, ya zauna bisa kanta har 1991.